Ga Masu Son Karanta Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Ku Tambayi Lasisi Kafin Ku Cike Fom

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da matasan da ke shirin shiga jami'a don karanta ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, ko fannin jagoranci da ba da shawara, da kuma iyayen da za su ɗauki nauyin karatun. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yawan ɗaliban da sai a shekarar ƙarshe, wasu ma sai takardar digiri ta shiga hannunsu, suke gane cewa takardar ba ta ba su ikon zama da mai ciwon damuwa su yi masa magani ba. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai, ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu tun farko. Digirin farko a wannan fanni share fage ne kawai. Abin da ke mayar da mutum ƙwararre shi ne karatun da ke biye da shi, da sa'o'in da ya shafe yana aiki da mutane na gaske a ƙarƙashin idon wanda ya riga shi sanin aikin. Saboda haka lissafin daga ƙarshe ake fara shi. A nemi hukumar da ke ba da lasisi a ƙasar da mutum yake son yin aiki, a karanta sharuɗɗanta, sannan a dawo baya a zaɓi kwas da jami'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da raba sana'o'i uku da mutane ke cakuɗawa. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne, ya yi karatun likitanci cikakke sannan ya ƙware a cututtukan ƙwaƙwalwa, shi ne ke rubuta magani, shi ke kwantar da mara lafiya a asibiti. Duk wanda burinsa ke nan, makarantar likitanci zai nema, digirin saikoloji ba zai kai shi can ba. Masanin halayya na asibiti kuwa da digirin saikoloji yake farawa, ya ɗora digiri na biyu ko na uku, aikinsa gwaji da auna matsala da kuma magani ta hanyar tattaunawa. Ba ya rubuta ƙwaya, in ban da wasu 'yan jihohin Amurka irin su New Mexico da ta ba da wannan dama a 2002 da Louisiana a 2004, su ma bayan ƙarin horo na musamman. Na uku shi ne mai ba da shawara, wanda ya fi aiki da mutanen da rayuwa ta dagule musu: rikicin aure, rashin wani makusanci, zaɓen sana'a, yaron da karatu ya gagara, wanda shaye-shaye ya kama. Akwai kuma ma'aikacin jinyar ƙwaƙwalwa da ma'aikacin jin daɗin jama'a, kowanne da tasa hanyar.

Wannan rabuwa tana da asali. Saikoloji a ɗakin gwaji aka haife shi, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879, yana auna saurin da mutum ke amsa sauti ko haske. Sai a 1896 Lightner Witmer ya buɗe asibitin saikoloji na farko a Jami'ar Pennsylvania. Shi kuwa fannin ba da shawara daga wani reshe ya tsiro, daga ofishin taimaka wa matasa zaɓen sana'a da Frank Parsons ya kafa a Boston a 1908. Shi ya sa har gobe a jami'o'i da yawa za ka tarar da saikoloji a tsangayar kimiyya ko ta nazarin zamantakewa, jagoranci da ba da shawara kuma a tsangayar ilimi. Kwas biyu ne daban, kuma ba lallai wanda ya yi ɗaya a karɓe shi a digiri na biyu na ɗayan ba. Wannan kaɗai ya ɓata wa mutane da yawa shekaru.

Ɗalibin da ya shiga saikoloji da tunanin za a koya masa karanta zuciyar mutane yakan sha mamaki a zangon farko. Abin da zai tarar shi ne tsarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yadda saƙo ke tsallakawa daga wannan ƙwayar jijiya zuwa waccan, yadda ake koyo da mantuwa, yadda yaro ke girma daga goyo zuwa balaga, tasirin jama'a kan mutum, bambancin ɗabi'u, da rabe-raben cututtukan ƙwaƙwalwa kamar yadda suke a manyan kundaye biyu da ake aiki da su, DSM na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka wanda bugu na biyar ya fito a 2013, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a Janairun 2022. Sama da duka kuma akwai ƙididdiga da dabarun bincike, kusan kowace shekara.

A nan muke son mu tsaya, domin a nan ɗalibai suka fi yin sake. Da yawa sun zaɓi fannin ne don gudun lissafi, sai su haddace abin da zai fitar da su jarrabawa su wuce. Daga baya abin yakan dawo musu ta hanya biyu. Ta farko, masu tantance masu neman digiri na biyu makin ƙididdiga da na kundin bincike suke fara dubawa. Ta biyu ta fi muhimmanci: wanda bai iya karanta alƙaluman bincike ba, ba zai iya bambance maganin da ke aiki da wanda aka yi wa ado da kalmomi ba. A 2015 wata babbar tawagar masu bincike ta sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka taɓa bugawa a manyan mujallun saikoloji uku. A bugun asali 97 daga cikinsu sun ce sun sami sakamako tabbatacce, amma da aka maimaita, kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da irinsa. Dalilan sanannu ne: mutane kaɗan aka gwada, ana jujjuya alƙaluma har sai abin da ake so ya fito, mujallu kuma ba sa son buga binciken da bai gano komai ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan, in aka kawo masa sabuwar dabara zai tambaya: mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su, ta yaya aka raba su, an bi sawunsu bayan wata shida? Wanda bai fahimta ba, duk abin da aka faɗa da murya mai ƙarfi zai ɗauka ya kai wa marasa lafiya.

Haka batun gwaje-gwajen auna basira da ɗabi'a. Gwajin basira irin na Wechsler an tsara shi ne matsakaicin maki ya zama 100. Amma wannan 100 matsakaicin mutanen da aka daidaita gwajin a kansu ne. In ka ɗauke shi ka gwada yaron da harshensa da makarantarsa da abubuwan da ya saba gani suka bambanta, makin da zai fito ba basirarsa ya auna ba, ya auna nisansa da waɗancan mutane ne, kuma da irin wannan maki ake yi wa yaro tambarin daƙiƙanci ya bi shi har girma. Wani nazari da aka yi kan manyan mujallun fannin na shekarun 2003 zuwa 2007 ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya ba. Don haka kafin a yi amfani da kowane gwaji, sai an tambayi a kan su wa aka daidaita shi, kuma in an fassara shi, an sake tabbatar da ingancin fassarar ko kuwa.

To, bayan digirin farko sai ina? Amsar ta danganta da ƙasa, amma in ka jera tsare-tsaren za ka ga ƙashin bayansu ɗaya ne. A Birtaniya sai digirin ya zama wanda ƙungiyar masana halayya ta ƙasar, BPS, ta amince da shi, an fita da aƙalla daraja ta biyu mataki na ƙasa, an kuma ci kundin bincike. Wanda ya karanta wani fanni daban yana iya yin kwas ɗin sauya layi na kimanin shekara 1. Daga nan mai son aikin asibiti zai nemi digiri na uku na shekara 3, wanda rabinsa aji ne rabinsa asibiti, kuma gasar shigarsa mai zafi ce, yawanci sai mai daraja ta biyu mataki na sama da ya riga ya yi aiki a matsayin mataimaki. Sai ya gama zai yi rajista da hukumar HCPC, wadda ta karɓi kula da wannan sana'a a 2009. A Amurka digiri na uku ake nema, PhD mai nauyin bincike ko PsyD mai nauyin aiki, yakan ci shekara 5 zuwa 7 har da shekara guda cur ta sanin makamar aiki, sannan jarrabawar neman lasisi da ake kira EPPP mai tambaya 225 wadda yawancin jihohi ke neman maki 500 a cikinta, kowace jiha kuma da nata ƙarin sharuɗɗan. A Ostireliya shekara 6 ce mafi ƙaranci: 4 na digirin farko har da shekarar bincike, sai ko dai digiri na biyu na shekara 2, ko shekara 1 ta karatu da shekara 1 ta aiki a ƙarƙashin kulawa tare da jarrabawar ƙasa. Akwai tsohuwar hanyar shekara 4 ta karatu da 2 ta aiki, amma an rufe ƙofarta ga sababbin shiga a 2022, abin da ke nuna cewa sharuɗɗan nan suna canzawa, bayanin da wani ya ba ka shekara biyar da suka wuce yana iya zama tsohon zance. A Afirka ta Kudu kuwa sai digirin farko, shekarar ƙwarewa, digiri na biyu, wata 12 na sanin makamar aiki, jarrabawar hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta ƙasar, HPCSA, masu aikin asibiti kuma su ƙara shekara guda ta yi wa al'umma hidima.

Hanyar mai ba da shawara ta fi gajarta, amma ita ma da sa'o'i ake auna ta. Kwas ɗin digiri na biyu da hukumar CACREP mai tantance kwasa-kwasan ba da shawara a Amurka ta amince da shi yana ɗauke da sa'a 100 ta gwajin farko, 40 daga ciki ido da ido da masu neman taimako, sannan sa'a 600 ta sanin makamar aiki, 240 daga ciki ido da ido. Bayan kammalawa yawancin jihohi na neman ƙarin sa'a 2,000 zuwa 3,000 a ƙarƙashin kulawa kafin cikakken lasisi. Ƙungiyar masu ba da shawara ta Birtaniya, BACP, tana neman sa'a 100 ta aiki a lokacin horo kafin ta karɓi mutum, matakin ƙwarewa kuma sai sa'a 450 ta aji da sa'a 450 ta aiki cikin aƙalla shekara 3. Afirka ta Kudu tana yi wa mai ba da shawara rajista bayan digirin shekara 4 da sa'a 720 ta aiki. Ghana ta kafa majalisar kula da masana halayya da dokar 2013, Kenya ta yi tata dokar a 2014, Najeriya kuma ta yi dokar majalisar masu ba da shawara a 2022.

Wani abu da ya kamata mai karatu ya sani, ko da ba shi da niyyar shiga fannin: a ƙasashe da dama, har da Birtaniya da Ostireliya, doka ba ta killace sunan mai ba da shawara ba. Kowa na iya rubuta shi a ƙofarsa. Ta wannan ɓaraka ce masu sayar da satifiket na mako biyu ko na intanet suke shigowa. Ba mu ce ɗan gajeren kwas ba shi da amfani ba, yana iya koya wa malamin makaranta ko shugaban ma'aikata iya sauraro da sanin lokacin da ya kamata ya miƙa mutum ga ƙwararru. Amma duk kwas ɗin da ya yi maka alƙawarin zama mai magani ba tare da ko sa'a ɗaya ta aiki a gaban mai duba ka ba, kuɗinka yake so.

Me ke faruwa a cikin waɗannan sa'o'i har muke ta nanata su? Ɗauki zaman farko da mai neman taimako, wanda yakan ɗauki minti 50 zuwa awa guda. Kafin a shiga matsalarsa, ɗalibi zai faɗa masa cewa shi mai koyo ne, akwai malamin da zai riƙa duba aikin, in za a naɗi murya kuma sai ya yarda a rubuce. Zai bayyana masa cewa sirrinsa amana ne, amma amanar tana da iyaka: in ransa ko ran wani na cikin haɗari, in ana cutar da yaro, ko in kotu ta ba da umarni. Wannan iyaka a minti biyar na farko ake faɗinta. Wanda ya ji nauyin faɗa ya bari sai ranar da abin ya taso, ya ci amanar mutum sau biyu. Shari'ar Tarasoff da kotun ƙolin California ta yanke a 1976, bayan wani mara lafiya ya faɗa wa mai yi masa magani niyyarsa ta kashe wata budurwa kuma ya kashe ta, ita ce ake koyar da ɗalibai kan nauyin kare wanda ake yi wa barazana, ko da yake kowace ƙasa da yadda dokarta ta tsara abin.

Daga nan sai tambayoyi: me ya kawo ka, yaushe ya fara, me ke tsananta shi, yaya barci da cin abinci, wane magani kake sha, akwai giya ko ƙwaya, an taɓa samun irin wannan a dangi. Sau da yawa ana haɗawa da ɗan gajeren ma'auni kamar PHQ-9, tambaya 9 kan makonni biyu da suka wuce, kowace da maki 0 zuwa 3, jimla 27, daga maki 10 ake fara zargin ciwon damuwa da ke buƙatar kulawa. Ma'aunin ba ya yanke hukunci, yana nuna inda za a zurfafa ne. Tambaya ta 9 kan tunanin mutuwa take, kuma a nan kusan kowane ɗan koyo yake daskarewa. Yana tsoron in ya ambaci kashe kai zai cusa wa mutum tunanin. Bincike ya sha nuna ba haka ba ne, tambayar ba ta ƙara haɗari. Ana koya masa ya tambaya kai tsaye cikin natsuwa: kana tunanin kashe kanka? Ka tsara yadda za ka yi? Abin da za ka yi da shi yana hannunka? Ka taɓa gwadawa? In amsar ta nuna haɗari, sai su rubuta tsarin kariya tare: alamomin da ke nuna abin na tasowa, abin da zai yi da kansa ya lafa, inda zai je ya shiga mutane, wanda zai kira, ƙwararrun da zai nema, da yadda za a nisanta shi da abin da zai cutar da kansa. Kuma ɗalibin ba zai bar wurin aiki ranar ba sai ya sanar da malaminsa.

Zaman duba aiki shi ne inda ake ƙera mutum. Ƙa'idar BACP ga mai koyo ita ce awa 1 ta dubawa kan kowace awa 8 ta aiki, ƙwararre ma ba ya kuɓuta, aƙalla awa 1 da rabi kowane wata har ya bar sana'ar. A ce malami da ɗalibi sun kunna muryar da aka naɗa. A minti na 12 matar da ke magana ta sassauta murya ta ce tun da mahaifinta ya rasu ba ta iya shiga ɗakinsa ba. Sai aka ji ɗalibin ya ce mata sai haƙuri, ya wuce tambaya ta gaba a takardarsa. Malamin zai tsayar da na'urar ya ce, me ka ji a ranka a daidai nan? Sau da yawa amsar ita ce ya ji tsoron za ta yi kuka bai san yadda zai yi ba. Ita ta buɗe ƙofa, shi ya rufe, kuma da ba a naɗa ba, da zai rantse zaman ya yi kyau. Babu littafin da zai nuna wa mutum wannan a kansa. Abin kamar mai koyon ɗinki ne, sai mai shagon ya juya rigar ya nuna masa cikinta yake ganin inda zarensa ya karkace.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar ba da mafita. Mutum bai gama zayyana damuwarsa ba an ce masa yi kaza, bar kaza. Zai gyaɗa kai, ya yi godiya, ba zai dawo ba, domin shawarar da aka ba shi ya riga ya ji ta a wurin mutum goma kafin ya zo. Kimanin mutum 1 cikin 5 na barin magani kafin a kammala, kuma raunin fahimtar juna tsakaninsa da mai maganin na daga manyan dalilai. Tun 1957 Carl Rogers ya jaddada abu uku da mai wannan aiki zai riƙe: ya ji abin kamar yadda mai shi yake jin sa, ya karɓe shi ba tare da hukunci ba, kuma kada ya yi fuska biyu. Dabaru irin na gyaran tunani da ɗabi'a da Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, waɗanda sukan ɗauki zama 12 zuwa 20, a kan wannan tushe suke tsayawa.

Kuskure na biyu, kuma shi ya fi ba mu tsoro, shi ne ɗaukar ciwon jiki a matsayin na zuciya. Ƙarancin jini da raunin aikin ƙwayar tayirod da ke wuya suna kawo kasala da mutuwar jiki kamar ciwon damuwa. In tayirod ɗin ya yi aiki fiye da kima sai bugun zuciya da rawar jiki da fargaba. Wani nau'in farfaɗiya ba ya kayar da mutum, sai dai ya ɗauke na ɗan lokaci ko ya yi abin da bai sani ba. Tsohon da ya rikice cikin kwana biyu, yana gane mutane da safe da dare ba ya ganewa, likita yake buƙata a ranar, ba tattaunawa ba. Haka mai ciwon damuwa da ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana surutu da kashe kuɗi ba kai ba gindi, wannan labari dole ya isa kunnen likita domin yana canza irin maganin da za a ba shi. Sanin iyakar aikinka da miƙa mutum inda ya dace rabin ƙwarewa ne.

Kuskure na uku shi ne haɗa alaƙa biyu. Ba a yi wa ɗan'uwa ko aboki ko wanda ke ƙarƙashinka a wurin aiki magani, domin ba zai saki jiki ba, kai ma ba za ka ga gaskiya ba. Soyayya da wanda kake yi wa magani kuwa haramun ce a kowace ƙa'idar sana'ar, tana kuma cin lasisi. Na huɗu shi ne yarda da kai fiye da kima. A wani bincike da aka buga a 2005, an nemi masu magani su yi hasashen waɗanda za su ƙara taɓarɓarewa cikin mutum 550. Sun nuna 3 kacal, alhali 40 ne suka taɓarɓare. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya riƙa maimaita ma'auni a kai a kai, in maki bai motsa ba bayan zama huɗu ko biyar ya kai maganar gaban malaminsa. Kyakkyawar niyya ma tana cutarwa in ba ilimi. An daɗe ana tara waɗanda bala'i ya faɗa wa a sa su zayyana abin da suka gani a zama guda tun abin na da zafi, har bincike ya nuna hakan ba ya hana ciwon firgici, wasu ma yana ƙara musu. Yanzu agajin farko na zuciya ake koyarwa: a tabbatar mutum ya tsira, a biya masa buƙatar gaggawa, a saurare shi in ya so magana, a haɗa shi da nasa.

Shi ma mai aikin mutum ne. Wanda ke sauraron labarin fyaɗe da kisa da rashi awa biyar ko shida a rana, in bai da inda yake sauke nasa nauyin, barcinsa zai lalace, zuciyarsa ta bushe, ya fara jin haushin masu zuwa. Wasu makarantun suna wajabta wa ɗalibi shi ma ya zauna a kujerar mai neman taimako na wasu sa'o'i, muna kuma ganin dacewar hakan, musamman ga wanda wani ciwon da ya taɓa sha ne ya jawo shi fannin. Irin wannan ɗalibi yakan fi kowa tausayi, amma in bai warke ba, labarinsa zai riƙa ji a bakin kowa.

Gurbin digiri na biyu da na uku kaɗan ne a ko'ina, domin kowane ɗalibi sai an samar masa wurin aiki da mai duba shi, ba kamar lacca ba da za a tara ɗari biyar a zaure. Don haka tun daga shekara ta biyu ya kamata ɗalibi ya fara tara abin nunawa: aikin sa kai a makarantar yara masu buƙata ta musamman, cibiyar gyaran masu shaye-shaye, gidan marayu, layin wayar agaji, ko taimaka wa malami tattara bayanan bincike. A wurin ganawa ba yawan wuraren da ka je ake tambaya ba, ana so a ji abin da ka koya da inda ka gane ka gaza. Wanda bai samu gurbi ba kuma kada ya ɗauka ya yi asara. Digirin yana kai mutum aikin kula da ma'aikata, binciken ra'ayin jama'a da na kasuwa, koyarwa, gidajen gyaran hali, da ƙungiyoyin agaji. Buƙatar ma'aikata kuwa ba ta misaltuwa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 970 ke fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa a 2019, wato 1 cikin 8, alhali ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su kai ma'aikaci 2 ga mutum 100,000 ba, masu arziki kuma sun haura 60. Wannan giɓi ne ya haifar da shirin mhGAP na hukumar a 2008, mai horar da ma'aikatan lafiya na gama-gari su kula da matsalolin ƙwaƙwalwa, da irin shirin benci na Zimbabuwe da likita Dixon Chibanda ya jagoranta, inda aka horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa su yi zama 6 na warware matsala da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, gwajin da aka buga a 2016 kuma ya nuna yana aiki. Sai dai a lura, su ma akwai ƙwararru a bayansu da ke horar da su suna duba aikinsu.

Kafin a biya kuɗin kowace makaranta, a aika mata waɗannan tambayoyi a nemi amsa a rubuce. Wace hukuma ce ta amince da wannan kwas ɗin, shi kansa kwas ɗin ba jami'ar ba, kuma yaushe amincewar za ta ƙare? Sai a je shafin hukumar a tabbatar da ido. Sa'a nawa ce ta aiki, nawa daga ciki ido da ido? Makaranta ce ke samar da wurin aikin ko ɗalibi za a bari ya yi ta yawo? Su wa ke duba aikin, suna da rajista, ɗalibi nawa ke hannun kowannensu? Waɗanda suka gama bara da bara waccan, nawa suka sami rajista? In kwas ɗin na intanet ne, darasin aji yana yiwuwa daga nesa, amma a tambayi yadda za a yi sa'o'in aikin da wanda zai sa hannu a kansu.

Da an fara aiki kuma a buɗe littafin sa'o'i tun ranar farko: kwanan wata, wuri, irin aikin, minti nawa, ido da ido ne ko rubutu ne ko zaman dubawa, da sa hannun mai dubawa duk mako, ba tare da sunan mai neman taimako ba sai lamba. A adana kwafinsa, a haɗa da takardar bayanin kowane darasi da aka yi, ba sakamako kaɗai ba. Lasisin wata ƙasa ba ya aiki a wata kai tsaye, kuma ranar da mutum ya nemi rajista a wani wuri, waɗannan takardu za a ce ya kawo. Malamin da ya duba shi yana iya yin ritaya ko ya rasu, sashen yana iya rufewa, sa'ar da ba a sa wa hannu ba kuma hukuma ba ta ƙirga ta.

Mun gode da filin da ka ba mu, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Daga wasu malamai masu koyar da ilimin halayyar ɗan Adam da horar da masu ba da shawara.